Malam Arba'in da Takwas

Bana ruwa ya ɗauke mana kwana goma sha tara bayan shuka. Na san adadin ne don ƙirgawa na yi, ɗabi'ar da ritaya ta kasa raba ni da ita. A rana ta ashirin da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kwashe tabarmar da nake kai, kafin azahar kwata ta cika tana ambaliya. Ana cikin yayyafin ƙarshe, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika zaure, sai wayata ta yi ƙara. Hajiya Talatu ce daga Gwarzo, 'yar gwaggona. Ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta tambayi ciwon gwiwa, ta yi mini barka da ruwa, sannan ta ce, "To, Malam Arba'in da Takwas, bana nawa ka lissafa mana?"

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan tana kirana da wannan suna. Ɗalibaina da suka tsinci sunan sun yi ta hasashe, wasu suka ce lambar gidana ce, wasu suka ce yawan bulalar da na taɓa yi wa wani ce. Ban gyara wa kowa ba. Malamin lissafi ba ya son a san cewa sunan da ya fi binsa amsa ce da ya kuskure.

Gidanmu yana wajen Garo, a ƙasar Kabo. Asalinmu masu shanu ne, amma tun zamanin kakana aka zauna aka kama fartanya. Fillancin ya tafi, ya bar mu da 'yan shanu da wasu ɗabi'u. Babbar cikinsu ita ce ba a ƙirga abin da Allah ya ba ka, don kada albarkarsa ta gudu. Baba bai taɓa faɗin yawan shanunsa ba, haka 'ya'yansa. In ka tambaye shi dami nawa ya samu bana, sai ya ce, "Alhamdu lillahi." In ka matsa, ya ƙara maka da "ƙwarai." A irin wannan gida Allah ya ga damar fitar da malamin lissafi.

Shekarar da nake magana a kai, sabon fitowa ne ni daga kwalejin horon malamai, ina koyarwa a firamaren da ke kusa da mu, sunana bai ma hau takardar albashi ba tukuna. Ruwa ya sauka da wuri, muka yi shuka da murna, gero ya tsiro layi-layi. Daga nan sama ta wanke fes. Kullum rana ta fito kamar an hura ta da mafici. Ganyen gero ya naɗe, ya yi fari, ya kwanta. Rijiya ta ja baya har guga yana fitowa da laka. Da tsakar rana ko kaji ba sa motsi, suna ƙarƙashin rumbu baki buɗe. An fita roƙon ruwa sau biyu, muka dawo da ƙafafu a ƙone. Da shanu suka fara nuna haƙarƙari, Baba ya ce zai kora su kudu neman ciyawa, ba zai dawo ba sai kaka.

Rumbu biyu ne a gidan. Ƙarami shi ake ci. Babban kuwa na tsimi ne, tun kaka Baba ya shiga da kansa ya jera dami a ciki, ya liƙe bakinsa da laka, ya kifa masa jinka. Ranar tafiyarsa ya tsaya ya dafa shi, ya ce wa ƙaninsa, Baffa Sale, "Kada a fasa wannan sai ƙaramin ya ƙare ƙat." Ya saɓa sandarsa ya bi shanu. Bai faɗi abin da ke ciki ba, babu kuma wanda ya yi tsammanin zai faɗa.

Bayan sati biyu Gwaggo Hansatu, ƙanwarsu, ta iso daga Getso a ƙasa, da goyo a baya, da yara uku a gaba, da ƙullin tabarmi a ka. Mijinta ya tafi ci-rani tun kaka, shiru. Abincinsu ya ƙare. Talatu ce babba a cikin yaran, ba ta fi shekara tara ba. Inna, mahaifiyata, ta share musu ɗaki. Da mu goma ne a gidan, muka zama goma sha biyar. Wannan ma ni na ƙirga, a zuci.

Ruwa ya dawo, muka sake shuka. A satin nan ne Baffa ya tara mu a zaure bayan la'asar, ni da Inna da Gwaggo. Baffa ba mugu ba ne. Mutum ne da aka bar wa gida a shekarar da ba a so a bar wa kowa gida.

Ya ce, "Da, dami yana kai mu kwana uku. Yanzu biyu. Ƙaramin rumbu saura sati. Daga ranar da za a fasa babban zuwa ranar da za a gasa tumun sabon gero, kwana tamanin ne, in Allah ya so."

Kwana dai ana ƙirga shi a gidanmu, tunda ba mallakar kowa ba ne.

Na ce, "Dami arba'in ke nan ake bukata."

Ya harare ni. "Ticha, ban tambaye ka ba." Ya juya wajen Gwaggo, ya sassauta murya. "Hansatu, na aika garin Kara wajen dangin mijinki. Sun ce za su karɓa, amma babu gidan da zai ɗauke ku duka. Yaran kowa da gidan da za shi, ke da goyon wani gidan. Ranar Juma'a zan raka ku, tun marka ba ta cika rafi ba. Ban san abin da Yaya ya bari ba. In muka zauna ya ƙare a tsakiyar damina, babu inda za a kai kowa."

Gwaggo ta ce, "To, Yaya Sale." Ta sa gefen zane ta goge hancin goyonta, alhali babu abin gogewa.

Na ce, "Baffa, me zai hana a fasa a ƙirga?"

"A fito da dami a baje a tsakar gida? A wannan shekara? Kafin ka kai goma duk unguwa ta zo gaisuwa. Kuma ka ji abin da ubanka ya ce."

"To a ba ni zuwa Juma'a. Zan faɗa maka abin da ke ciki ba tare da an taɓa lakar ba."

"Au, duba ka koyo a kwalejin?"

"Lissafi."

"Duk ɗaya ne a wajena. Je ka."

Da shi na fara washegari, muna cike gurbin shuka. Abu na farko da ake koya wa ɗan aji huɗu shi ne, in ba ka san lamba ba, nemi katangunta biyu, wadda ba ta wuce ba da wadda ba ta gaza ba. Baffa ba zai faɗi abin da ke cikin rumbu ba, amma na gano cewa abin da babu shi ba laifi a ƙirga shi. Na ce, rumbun nan zai ci dami sittin? Ya ce haba, tare suka gina shi da Baba, bai taɓa cin sittin ba. Na ce to ko talatin ne kawai a ciki? Ya ce a'a, shi ya riƙa miƙa wa Baba ranar farko, kafin a kira shi jana'iza jeri ya kai tumbin rumbun, talatin kuwa ba ta kai nan. Sai da ya faɗa ya gane abin da na yi masa, ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka."

Na tafi makaranta na rubuta a allo, daga talatin da ɗaya zuwa hamsin da tara. Lamba ashirin da tara. Tara daga ciki suna ƙasa da arba'in, su ne masu kai yara Kara. Sauran ashirin suna barinsu a gida. Ɗan caca zai ce hakan ma ya isa. Baffa ba ɗan caca ba ne.

Na biyu, Ɗan'asabe mai jakuna, wanda ya yi mana jigilar geron babban rumbun daga gona. Na same shi yana yi wa jakinsa wankin gyambo da ruwan kanwa.

"Malam Ɗan'asabe, sawu nawa ka yi mana bara?"

"Malam Habu, ai jaki ne ya yi sawun. Ga shi nan, tambaye shi."

"To dami nawa kake ɗora wa kowanne?"

"Biyu mana, ɗaya nan ɗaya nan. Jaki uku."

"Ba a taɓa yin sawun da aka ɗora wa wani ɗaya ba, ko wani ya taho haka?"

Ya ajiye tsumman ya dube ni da tausayi. "Dami ɗaya a jaki? Ai sai ya karkace ya zube. Kuma ni ban taɓa koro jaki wayam ba, ba yawon shan iska nake kai su ba. Wannan karatu naku dai!"

Shida-shida ke nan. Na koma allo na share duk lambar da shida ba ta raba ta daidai. Huɗu suka tsira: talatin da shida, arba'in da biyu, arba'in da takwas, hamsin da huɗu. Na dawo gida ina tafiya kamar alƙali.

Na uku, yadda Baba yake jeri. Wannan kowa a gidan ya sani: huɗu-huɗu yake shimfiɗawa, jeri na gaba ya gitta na ƙasa, kuma ba ya liƙe rumbu a kan jerin da bai cika ba. Arba'in da biyu ba ta rabuwa da huɗu, hamsin da huɗu ma haka. Na share su. Saura biyu, talatin da shida da arba'in da takwas.

A nan alli ya tsaya. Ɗaya ta gaza arba'in ɗin da dami huɗu, ɗaya ta haura ta da takwas. A aji, yaron da ya kawo mini waɗannan amsoshi biyu zan ba shi maki cikakke in sa a tafa masa. A gida kuwa amsa ɗaya tana raba yara uku gida uku, ɗayar tana barinsu a tabarma ɗaya, ni kuma ba ni da abin da zan zaɓa da shi. Sawun jakuna shida ne ko takwas? Mai jakunan ya ce a tambayi jaki.

Ranar Alhamis da yamma na zauna a ƙofar ɗakin girki. Gwaggo ta wanke kayan yara ta shanya, har ta fara ƙullawa. Talatu tana zaune ta riƙe hannun ƙannenta biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar a ranar za a ƙwace su. Inna tana tuƙa tuwon da tafasa ta fi gari yawa a cikinsa.

Ta ce, "Habu, me ya rage maka?"

Na ce, "Sawu, Inna. Shida ne ko takwas."

Ta ci gaba da tuƙi, har na zaci ba ta ji ba. Can ta zaro muciya ta nuna sama da ita. "Duk shigowar jakuna nakan zari zangarniya ɗaya in soke a nan, inda hayaƙi zai kore mata ƙwari. In shuka ta zo in murje su cikin iri. Haka uwata take yi. Geron ya tafi gona, amma tsinkayen suna nan, sai kaka nake zare su in sa sababbi." Ta mai da muciya tukunya. "Ni dai ban ƙirga ba. Kai ne mai ƙirge."

Na kifa turmi na hau. Hayaƙi ya cika mini ido. A jikin jinka, baƙi ƙirin da kunkunniya, ga guntayen kara a jere. Na ƙirga daga dama, takwas. Na ƙirga daga hagu, don malami ba ya yarda da amsa sai ya gwada ta, takwas. Takwas sau shida. Na sauko da hawaye, na ce hayaƙi ne.

Da safiyar Juma'a na tare Baffa yana ɗaura wa jakin aro akumari. Na zayyana masa tun daga katangu har zuwa tsinkaye. Ya saurara har ƙarshe.

"Ka tabbata?"

"Arba'in da takwas. Lissafi ba ya ƙarya, Baffa."

"In ya yi fa? Ranar da rumbu ya ƙare, rafi ya cika, mutanen Kara sun cinye nasu, kai za ka tsaya gaban yaran nan."

"Ni zan tsaya."

Ya dubi akumarin. Sannan ya kwance shi, ya ɗaga murya, "Hansatu! Kwance kayanki. Ticha ya ce akwai." Na lura da saurin da ya yi wajen mai da jakin, na gane duk gidan babu wanda ya kai shi son a hana shi tafiyar nan.

Da sati ya cika aka fasa babban rumbu. Ni kuma na buɗe nawa aikin a ɓoye: duk damin da ya fito, in ja layin alli a bayan ƙyauren ɗakina.

Haka damina ta miƙa. Duk bayan kwana biyu, da sassafe, Baffa ya jingina tsani ya hau, ya miƙo dami. Inna da Gwaggo su yi sussuka, su sheƙe, su surfa, taɓare biyu a turmi ɗaya. Ko dusa ba a zubarwa. Mu sha kunu mu fita noman farko, ƙasa tana tururi, gumi yana shiga ido. Da rana a kawo fura wadda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinta. Da yamma tuwo da ganye, yau tafasa, gobe rama, jibi zogale, gata a koma tafasa. Yaran Gwaggo suka koyi cirar ciyawa a gonar wake, suka yi baƙi, suka rame kamar kowa, amma a tabarma ɗaya suke kwana.

Abu biyu ne ba su cikin allona. Na farko maƙwabta. Ranar da aka ji an fasa rumbun tsimi a gidanmu, gaisuwa ta ƙaru kamar yadda Baffa ya faɗa. Akwai wanda za ka ba haƙuri, akwai tsohon da zai zauna a zaurenka ya yi ta zancen ruwa har azahar bai roƙi komai ba. Dami huɗu suka fita ta wannan hanya, kuma da ni ne mai gidan da haka zan yi. Na biyu, ruwa ya sake ɗaukewa daidai lokacin da gero yake ɗaukar ciki. Sati biyu yana tsaye cak, ba ya gaba ba ya baya. Takwas ɗin da nake taƙama da ita ta rarar, maƙwabta suka ci rabi, rana ta ci rabi.

Ranar da na ja layi na arba'in da takwas, na tafi gona ni kaɗai. Gero ya fid da kai, gwanin kyau, amma in ka matsa ƙwayar sai farin ruwa. Kowane manomi zai ce maka saura kwana goma. Marka ta sauka, rafin hanyar Kara ya cika har yana jan itace. Na sami Baffa yana wasa lauje.

"Baffa, saura nawa a ciki?"

Bai ɗago ba. "Saura albarka."

Kwana biyun da damin nan ya yi, ban ci tuwo ba. Na riƙa tura wa yara rabona, Inna tana kallona. Na shirya jawabin da zan yi wa Gwaggo ya fi sau goma, babu wanda ya yi daɗin ji.

Safiya ta uku Baffa ya jingina tsani kamar kullum. Na fito na tsaya, tunda na ce ni zan tsaya. Ya hau, ya zura ƙafa, ya ɓace a ciki. Ana yayyafi. Na ji motsinsa a can ƙasan rumbu, na ji ya yi tari, na ji shiru. Ban san minti nawa ba ne, ranar ban ƙirga ba. Sai ga kan dami ya leƙo, bayansa ga hular Baffa duk yana.

"Ticha, karɓi. Wannan ba ya cikin littafinka."

Na karɓa. Nauyinsa ya kusa kai ni ƙasa. Na ce, "Tun yaushe ka gani?"

"Ya kai sati."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Kai ka ce lissafi ba ya ƙarya. Na tsaya in ga ta inda zai fita."

Huɗu suka sake biyo shi, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka sussuke na ƙarshe, Talatu da ƙannenta suka shigo da zangarniyar sabon gero a hannu, aka gasa tumu a bakin murhu. Ƙamshin nan har yau ban sami abin da ya kama ƙafarsa ba. Layukan alli a bayan ƙyaure hamsin da uku. Shida ba ta raba ta, huɗu ba ta raba ta, babu abin da yake raba ta sai ɗaya da ita kanta. Na shekara talatin da biyar ina koyar da irin waɗannan lambobi, kuma duk sanda na zo kanta a allo sai na ɗan yi gyaran murya.

Baba ya dawo da kaka, shanu sun murmure, shi ya rame. Baffa bai bari ya gama shan ruwa ba ya kwashe labari ya faɗa masa, har da kwaikwayon tafiyata ta alƙali. Baba ya saurara, sannan ya dube ni.

"Wa ya aike ka ƙirgawa?"

Na sunkuyar da kai. Amma abin yana cina, na ce, "Baba, biyar ɗin daga ina?"

"Arba'in da takwas na jakuna ne." Wannan ne karo na farko da na ƙarshe da na ji lamba irin wannan a bakinsa, ita ma don tawa ce ba tasa ba. "Ni kuma ba ni da kai? Na gayaunata ne, 'yar gonata ta kaina. Kullum in zan taso in ɗauko ɗaya a ka, na shimfiɗa su a ƙasa tun jakuna ba su fara ba." Ya kalli tsakar gida, inda yaran Gwaggo suke rigima a kan ƙwaryar nono. Ya ce, "Ka ƙirgi jaki ka manta da ubanka. To, Allah ya yi maka albarka duk da haka."

Mijin Gwaggo ya dawo bayan sallar layya, ashe ciwo ne ya kwantar da shi a can. Suka koma Getso su shida. Talatu ce ta tafi da sunan, ita ce kuma ta raba shi ga duniya.

Yanzu babu rumbu a gidan, buhuna ne a sito, kowanne da awonsa, kuma in maigida ya yi nisa waya ce za ta same shi. Nakan ce da a lokacin akwai waya, da minti ɗaya ya raba gardama. Sai kuma in tuna Baba ne za a kira.

Hajiya Talatu tana kan layi tana jira. Ruwa yana ɗiga daga indararo, gonar bayan gida ta miƙe ganye.

"Malam, ka yi shiru. Na ce bana nawa?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Kai dai faɗi mana!"

Na ce, "Ƙwarai."